An Ɗauke Wuta, Baba

Litinin, 3 ga Maris

Mita ta fara kuka tun da asuba. Ƙit, ƙit, ƙit, kamar ɗan tsakon da uwarsa ta tafi ta bari. Katin da na saka ranar albashi ne, ko mako bai rufa ba har ta fara roƙon wani. An ƙara kuɗin wuta, an ƙara na gas, albashin wanki da guga a otal kuwa yana nan inda yake kamar an dasa shi.

Na tsaya ƙarƙashin bene, gaban akwatin mitocin gidan, da buta a hannu, ina kallon tamu. Ta kowa shiru, tamu ce mai baki.

Ba kuɗin ne kaɗai ke cina ba, maganar Yaya ce. Bayan rasuwar Inna ya ce Baba ya koma wurinsa, gidansa na kansa ne, ga fili ga mota. Na ce a'a. Can tafiyar yini guda ce, Yaya kullum yana kan hanya, Baba bai san kowa ba, sai dai a ajiye shi a ɗakin baƙi kamar akwati. Ya ce, "Ke da kike haya? Riƙe kanki da 'yarki tukuna." Na ce ko sisi ba zan roƙe shi ba. Ya ce to, ranar da abin ya fi ƙarfina in faɗa, zai zo da mota ya ɗauki Baba.

Ba zan faɗa ba. Baba a nan zai zauna, ko da kyandir za mu koma.

Laraba, 5 ga Maris

Da na dawo daga aiki na zagaya gidan ni da Tsinke, 'yar tawa da ba ta taɓa jin labarin cewa ana kashe abu in an gama da shi ba. Farautar masu shan wuta muka yi. Ɗaki biyu, falo, da kicin kamar tafin hannu, amma sai ka rantse masana'anta ce. Caja a kowane bango, ba waya a jikinsu. Talabijin tana barci da jan ido ɗaya a buɗe. Abin dafa ruwa, dutsen guga. Sai babban ɓarawon, firjin da na fito da shi daga tsohon aurena. Robar ƙofarsa ta saki, yini yake gurnani yana sanyaya kicin.

Na kwashe abin da ke ciki, da ma ba wani abin a zo a gani ba ne, na zare shi daga bango. Daga yau ya zama kabad. Tsinke ta jera littattafan jarrabawarta a ciki, wai ko ilimin zai yi sanyi ya shiga kai.

Na kafa doka. Guga sau ɗaya a mako. Ruwan zafi a dafa da safe a zuba a filas, wanda ya makara ya yi wanka da abin da ya samu. Wanda ya fita daga ɗaki ya kashe.

Ɗakin Baba ne ban san yadda zan yi da shi ba. Tagarsa bangon maƙwabta take kallo, in ka miƙa hannu sai ka taɓa. Ko da rana tsaka sai da ƙwan lantarki. Na yi wa mai gidan hayar magana ko zai sa mana farin fenti ɗakin ya ɗan yi haske. Ya ce in na yi da kuɗina ya gode, amma in na tashi ba zan tafi da fentin ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na sayo ƙwayaye masu tsimin wuta, mafi ƙanƙanta, su ne masu araha. Na hau kujera na canza duka. Da na kunna na ɗakin Baba ya ɗaga kai ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Uwata, wannan ƙwan lantarki ne ko na ƙadangare?"

Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

Rayuwarsa duk a gyaran agogo ta ƙare, kuma har yanzu mutanen gidan nan suna kawo masa nasu. Ba ya karɓar komai, shi dai a bar shi ya shimfiɗa farin ƙyallensa a kan tire, ya baza notuna kamar ƙwayar yashi, ya manta da duniya. Yau na tela ne a gabansa, maƙwabcinmu na ɗakin gefe. Ya ce hasken bai isa ba. Na ce ido zai saba.

Talata, 11 ga Maris

Ƙafafuna. Ba abin da zan rubuta yau sai ƙafafuna.

Juma'a, 14 ga Maris

Yini nake tsakanin injinan wanki da na busarwa, kowanne yana shan abin da gidanmu ba zai sha a wata ba, don zanen gadon da mutum ɗaya ya kwanta a kai dare ɗaya. In na kai tawul sama sai in tarar da ɗaki ba kowa, na'urar sanyi tana ta aiki ita kaɗai. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Jiya na kashe fitilar sito, ashe manaja yana ciki. Na ba da haƙuri har sau nawa ban sani ba.

A gida kuwa na koyi sabuwar dabara daga wata abokiyar aikina. In jiƙa wake tun dare, in ya tafasa sosai in sauke, in naɗe tukunyar da tsohon bargo ta ƙarasa da kanta. Kuma yana yi. Baba ya leƙo ya ce a gaishe da tukunya, ya ga zazzaɓi take. Tsinke ta raɗa mini suna, Mama Kashe. Ita da kakan nata bakinsu ɗaya. Yana kiranta amarya, tana ce masa ango mai furfura, suna yi mini dariya a gidan da nake biya.

Ban hana su ba. Rabon da in ji dariyarsa tun Inna tana da rai.

Amma mita ba ta san dariya ba. Ƙwan ɗakin Baba da fankarsa tun safe har dare suke aiki. To me zan ce masa? Zauna a duhu, Baba, 'yarka ba ta da hali?

Talata, 18 ga Maris

An ɗauke wuta tun ina shirin fita, ba a kawo ba sai bayan la'asar. Da na dawo na leƙa mita, inda na bar ta nan na same ta. Baba kuwa lafiya lau. Ya jawo kujerarsa falo kusa da ƙofa, rediyonsa mai batir a cinya, mafici a hannu. Ya ce, "Sun ɗauke, Allah Ya shirye su." Shi ke nan. Bai yi fushi da kowa ba.

Wani tunani ya shigo mini. Ban gayyace shi ba, ban kuma kore shi ba.

Laraba, 19 ga Maris

A gefen kowace mita akwai babban makunni, baƙi, kamar babban yatsa. Da zan fita na sauke namu. Ɗan ƙas kawai ya yi. Na koma bakin ƙofa na leƙa na ce, "An ɗauke wuta, Baba." Ya ce, "Ai sun saba. A dawo lafiya, Uwata."

Tsinke tana riga ni fita, kuma tana tsayawa darasin yamma, don haka ni nake fara dawowa. Na ɗaga abin kafin in shiga. Ina yin sallama ya ce ƙafata da albarka, ina shigowa suna kawowa.

Na ɗan lokaci ne. Wata ya ƙare tukuna.

Litinin, 24 ga Maris

Baba ya yi tambaya. Wai yini ya yi yana jin keken tela na lantarki yana ta ɗinki a ɗakin gefe. Na ce layinmu daban ne da nasu. Wallahi ban san daga ina maganar ta fito ba, a shirye na same ta a bakina kamar na kwana da ita.

Ya ce, "Allah sarki, mu muka faɗa layin marayu." Na yi dariya, na shige kicin na tsaya ina kallon tukunya mai zazzaɓi.

Juma'a, 28 ga Maris

Yaya ya kira. Ya ce ya ga komai ya ƙara kuɗi, yaya muke? Na ce sai hamdala. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce in ban tabbata ba ai na san lambarsa.

Na ba Baba wayar. Ina ji yana cewa Uwata tana riritarsa kamar ƙwai, ba abin da ya nema ya rasa. Yana cikin maganar ya kai gwiwar hannu ya ture kofin shayin da ke gefensa na hagu. Ya ce wa ya ajiye shi nan? Ni na ajiye, yana zaune, har na ce ga shayi. Na goge ƙasa ina lissafin sukari da madarar da suka tafi. Abin da na tsaya lissafawa ke nan.

Laraba, 2 ga Afrilu

Kati ya kai ƙarshen wata. Tun da muka tare a gidan nan ba a taɓa yi ba. Na zaci zan ji daɗi, sai na ji kamar na ci abinci ba gishiri.

Na ce sai wata ya ƙare. Ya ƙare. Yau ma na sauke.

Baba ya mayar wa tela agogonsa ba gyara. Ya ce agogunan zamani ba don a gyara su aka yi su ba. Agogon nan kuwa ya girme ni. Ya naɗe farin ƙyallen da kayan aikin ya tura ƙarƙashin gado, ya ce da wannan duhun da suke barinmu ciki ba a aikin agogo. Na ce in sun gyara layin sai ya ci gaba.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Baba ya yi karo da bokiti a hanyar banɗaki, ruwa ya malale, ya ɗaye ƙaurinsa. Na sauke wa Tsinke kwandon faɗa. Ta ce bokitin nan tun da muka zo gidan a nan yake zama. Gaskiyarta, amma ban gaya mata ba.

Ina shafa masa magani ya ce laifin ƙwan ƙadangare ne, a ƙyale masa amarya. Sannan ya ce yana ganin kwanakin nan ko sun kawo ma ba ta da ƙarfi, rabin wuta suke bayarwa. Na ce haka ne, kowa kuka yake.

Wa ke kukan? Ni dai bakina ya riga ya koyi hanya.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Zafi ya sauka da kayansa. A wurin aiki tururi, a mota gumi, a gida bango kamar an gasa.

Matar tela ta kama ni da hannu a kan makunni, ta fito zubar da shara. Ta dube ni, ta dubi hannun, ta ce, "Maman Tsinke, gyara kike?" Na ce e. Ta ce Allah Ya ba da sa'a, da irin muryar nan da ta fi zagi ciwo. Ta je ta yi ta yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su mutum biyu ne ke kawo kuɗi a nasu ɗakin.

Na mayar da fanka falo tun da can Baba yake yini, kamar za ta yi masa wani amfani. Na bar masa ruwa a kula da jiƙaƙƙen tawul. Da na dawo rigarsa ta manne a bayansa. Ya ce sannu da aiki, yaya gajiya.

Da ma ya yi mini faɗa.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na gaji. Ko takalmi ban cire ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Tsinke ta gano. An fasa darasinsu na Asabar ta dawo da wuri, ta tarar da gida duhu, ta shiga wurin matar tela cajin waya. Sauran ba sai an faɗa ba.

A kicin muka yi, ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji. Ta ce, "Mama, Kaka ne fa." Na ce ke za ki saka katin? Ko so kike kawunki ya zo da mota? Ta ce to in gaya masa gaskiya mana, ai zai yarda. Wannan ne abin da ba za ta gane ba. Zai yarda, har ya sa mini albarka. Daga ranar kuma zai fara kallon kansa a matsayin kaya, kafin mako ya zagayo da bakinsa zai ce a kira Yaya.

Ta ce ta lura yanzu in ta shigo ta gefensa, sai ta yi magana yake sanin ta shigo. Na ce tsufa ne, ke ma za ki je.

Ba ta ci abinci ba. Na rufe mata nata.

Talata, 22 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

Na dawo kamar kullum, na ɗaga makunni, na shiga. Baba yana banɗaki. Na yi magariba, na haɗa shayi, na kai masa ɗakinsa. Yana zaune a bakin gado, carbi a hannu, ƙwai a kunne daidai saman kansa. Ya ji motsina ya juyo, ya ce, "Uwata, yau har yanzu ba su kawo ba?"

Na ɗaga kai na dubi ƙwan. Yana ci. Tsinke tana bayana a bakin ƙofa.

Abin da ba zan manta ba, bakina ya buɗe zai ce an ɗauke. Har ya fara. Da ƙyar na juya harshen na ce, "An kawo, Baba."

Ya ce, "To." Ya ɗaga fuska sama yana nema, yana juya kai gaba ɗaya kamar mai neman sauro. Can ya ce, "Ga shi can. Na gan shi."

Tsinke ta kunna fitilar waya. Ta rufe masa idon dama da tafinta, ta haska na hagu. Ya ce, "Kunna mana, amarya." Da ta koma na dama ya ce yana gani, amma kamar mai leƙe ta cikin bututu.

Shayin yana hannuna har ya huce.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na roƙi hutun kwana biyu. Asibitin ido, layi tun daga bakin ƙofa. Na riƙe hannunsa a hanya, sai yau na lura yadda yake ja da ƙafa kafin ya taka. Tun yaushe yake tafiya haka?

Likitar ba ta kai ni shekaru ba. Ta auna, ta haska, ta sake aunawa. Ta ce hawan jinin ido ne. Wai ba ya ciwo, daga gefe yake fara ci a hankali, mutum ya yi ta zargin fitila. Na hagu ya tafi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na dama saura kaɗan a tsakiya, shi za a yi ƙoƙarin tsarewa da maganin ɗigawa, kullum, har ƙarshen rai.

Ta ce tun yaushe yake kukan duhu? Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Unguwarmu ba a cika samun wuta ba, likita, shi ya sa ba mu lura ba."

Na biyo ta waje na tambaya, da mun zo watan jiya fa? Ta ce ciwon ya yi shekaru yana aikinsa, kada in ɗora wa kaina. Na ce ba abin da na tambaya ke nan ba. Ta ce Allah ne Masani, amma a irin wannan ciwon kowane mako yana da amfani.

Magani iri biyu. Ɗaya ta ce a riƙa ajiye shi a firji.

Akwai wata karin magana a kan gira da ido. Tun a mota take yawo a kaina. Ba zan rubuta ta ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Bayan la'asar ina ɗiga masa magani, kansa a jingine da kujera, na ce, "Baba, wutar nan da ake ɗaukewa…" Ya ce, "Na sani."

Ashe akwatin mitocin a bayan bangon ɗakinsa yake. Ya ce shi da ya ƙare rayuwarsa yana sauraron cikin agogo, ƙas ɗin nan ne zai wuce shi? Tun ranar farko. Ya ce kullum sai ya ji ƙas, sannan takuna, sannan an ɗauke wuta Baba. Da yamma kuma wani ƙas ɗin, sai ya shirya cewa ƙafata da albarka. Ranar Talata yana banɗaki famfo yana zuba, bai ji ba, shi ya sa ya tambaya.

Na ce to me ya hana ka magana? Ya ce, "Ke kina rufa mini asiri, ni in tona naki?"

Na kasa ɗiga na biyun. Ya lalubo ya riƙe mini hannu. Ya ce in daina, shi fa abin har daɗi ya yi masa. Na ce daɗi? Ya ce tun kafin Inna ta rasu yake ganin duniya tana matsewa, yana jin tsoro, bai gaya wa kowa ba. "Da kika fara sai na samu sauƙi. In na ga duhu sai in ce, ai Uwata ce take tsimi. Duhun da ka san mai shi ba ya ba ka tsoro."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar Inna. Shi kuma yana cewa in yi a hankali kada in zubar da magani, da tsada.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Mun kwashe littattafan Tsinke daga firji. Na wanke shi, na tokare ƙofar da kujera saboda robar, na jona. Ya yi tari ya kama gurnaninsa. Ƙaton firji, kwalba ɗaya kamar ɗan yatsa a ciki.

Na sayo ƙwai babba na ɗakin Baba, shi ma mai tsimin ne, ashe bambancin shansu ba wani mai yawa ba ne. Mai shagon ya gaya mini haka tun wancan karon, ban saurara ba.

Daga nan na kira Yaya. Na zagaya, na zagaya, ya ce in faɗi abin da ke bakina. Na gaya masa maganar likita. Sannan na ce, "Yaya, abin ya fi ƙarfina." Da kalmominsa na faɗa, don kada ya ce sai na maimaita. Ya ce yana tafe.

Na ninke wa Baba kayansa a raina, ban taɓa ko ɗaya ba.

Alhamis, 1 ga Mayu

Ya zo da motar.

Ya durƙusa gaban Baba ya daɗe. Ya ce ya shirya ɗaki, akwai janareto, akwai asibiti kusa. Duk gaskiya ne. Ni dai ina tsaye jikin firji.

Baba ya ce Allah Ya yi albarka, amma gidan Yaya babba ne, ɓata zai yi a ciki. "Nan na san inda bokiti yake, da ƙaurina na koya." Yaya ya ce ba maganar wasa ba ce. Baba ya ce shi ma ba wasa yake ba, ɗan abin da ya rage masa na gani yana so ya ƙarar da shi a kan fuskokin da ya saba, ga shi kuma ba a raba ango da amarya.

Yaya ya dube ni ya ce ta yaya aka kai haka ba wanda ya lura? Tsinke ta sunkuyar da kai. Baba ya ce, "Layinmu ne ba kyau." Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu, kuma daidai inda nake ya ɗaga.

Yaya ya fita shi da Tsinke, suka dawo da bokitin farin fenti. Yaya da kansa ya tuɓe riga ya shafe ɗakin, yana yi yana mita. Da zai tafi ya ce magani nasa ne, kada in yi masa gardama, sauran kuma mu ga yadda wata zai ƙare. Na ga ya tsaya ƙarƙashin bene yana kwafar lambar mita a wayarsa. Na ga kuma ban hana shi ba.

Motar ta tafi ba Baba a ciki. Ban san ko nasara ake kiran wannan ba.

Litinin, 5 ga Mayu

Ɗakin yana warin fenti har yanzu. Da safe ya ce a jawo masa farin ƙyallen daga ƙarƙashin gado, ba gyara zai yi ba, taɓawa kawai.

Na ɗiga masa magani, na naɗe tukunya da bargo, na zare cajar Tsinke. Da na zo ƙarƙashin bene hannuna ya tashi da kansa, na mayar da shi cikin jaka. Na koma bakin ƙofa na leƙa na ce, "Akwai wuta, Baba." Ya ce, "Na sani, ban ji ƙas ba. A dawo lafiya, Uwata."

Sai a mota na tuna ƙwan falo ma a kunne na bar shi, da na hanyar banɗaki. Mantuwa ce, ina ga. Sauri nake yi.